Labarin Ƙasa na Sufuri ko na Kasuwanci: Wanne Ya Kamata Mai Neman Digiri na Biyu Ya Ɗauka?

Ɗalibin da ya kammala digirin farko a labarin ƙasa, ko tsara birane, ko tattalin arziki, kuma yake son zurfafa karatu, sau da yawa yakan tsinci kansa tsakanin fannoni biyu da jirgi ɗaya ya kwaso su, wato labarin ƙasa na sufuri da labarin ƙasa na kasuwanci. A wasu jami'o'in sashe ɗaya ne yake koyar da su, malamai ɗaya, ɗakin kwamfuta ɗaya, har darussan zangon farko ma da wuya a bambance su. Sai an bi sawun waɗanda suka gama bayan wasu shekaru ake ganin yadda hanyoyinsu suka rabu. A ganina, abin da ya raba su shi ne wanda ake yi wa aikin da kuma wanda yake riƙe da bayanan da ake aikin da su, domin kayan aikin kam kusan iri ɗaya ne. Duk wanda ya fahimci wannan tun kafin ya cika takardar neman gurbi, ya rage wa kansa rabin wahalar zaɓi.

Labarin ƙasa na sufuri yana tambayar dalilin da ya sa mutane da kaya suke tashi daga wani wuri zuwa wani, ta wace hanya, da wane abin hawa, da kuma abin da wannan zirga-zirga take yi wa wuraren da ta ratsa. Edward Ullman ya taƙaita amsar a shekarun 1950 cikin sharuɗɗa uku: dole wani wuri ya mallaki abin da wani yake buƙata, dole kuɗi da lokacin kai shi su kasance abin da za a iya jurewa, sannan kada a sami wata dama mafi kusa da za ta tare mai nema a hanya. Shi kuwa labarin ƙasa na kasuwanci tambayarsa ta fi ƙunci, amma ta fi kaifi: a ina za a kafa kanti, ko reshen banki, ko asibiti mai zaman kansa, ko rumbun ajiyar kaya, su wa za su zo, daga ina, kuma cinikin nawa za a yi a shekara.

Tushensu ɗaya ne, kuma a Jamus ya fara. A 1826 Johann Heinrich von Thünen ya nuna cewa kuɗin kai amfanin gona kasuwa shi ne yake yanke abin da ake nomawa a kowane nisa daga birni. A 1909 Alfred Weber ya yi irin wannan lissafi game da inda masana'anta take zama tsakanin ma'adinai da kasuwa, sannan a 1933 Walter Christaller ya bayyana yadda garuruwa manya da ƙanana suke jeruwa gwargwadon nisan da mutum zai yarda ya yi tafiya domin sayen wani abu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne aka fara rabuwa. A ɓangare ɗaya William Garrison da ɗalibansa a Jami'ar Washington suka cika fannin da lissafi da ƙididdiga, a daidai lokacin da biranen Detroit da Chikago suke gudanar da manyan binciken sufuri domin shimfiɗa titunan mota. A ɗaya ɓangaren kuma akwai William Reilly, wanda a 1931 ya fitar da ƙa'idar cewa gari yana jan masu saye gwargwadon girmansa kuma jan yana raguwa da nisa, da William Applebaum, wanda ya shafe rayuwarsa yana zaɓa wa manyan kantunan Amurka wurin zama, da David Huff, wanda tsarin lissafinsa na 1963 har yau shi ne abincin yau da gobe na masu wannan sana'a.

Ya kamata a ga tsarin Huff da ido, domin a cikinsa ake gane inda fannonin biyu suka haɗu da inda suka rabu. A ƙaddara wata unguwa tana da kantuna biyu da take iya zuwa. Na farko faɗinsa murabba'in mita 1,000 ne, kuma tafiyar minti 10 ce zuwa gare shi. Na biyu faɗinsa murabba'in mita 4,000, amma sai an yi minti 20. Idan aka raba faɗin kowanne da lokacin tafiyarsa wanda aka ninka da kansa, na farko zai sami 10, na biyu ma 10, wato mutanen unguwar za su rabu gida biyu daidai wa daida. To, a ce an buɗe sabon titi da ya rage tafiya zuwa babban kantin ta koma minti 15. Nan take makinsa ya tashi zuwa kusan 17.8, rabonsa na masu saye ya kai kimanin kashi 64 cikin 100, alhali mai ƙaramin kantin bai canza komai a kantinsa ba. Ɗalibin kasuwanci zai dubi wannan sakamako ya ce wa kamfani ya faɗaɗa wurin ajiye motoci, ko ya ce wa mai ƙaramin kantin ya nemi wani wuri. Ɗalibin sufuri zai dubi lissafin nan ɗaya ya tambaya ko titin zai ɗauki ƙarin motocin da ya jawo, da kuma halin da marasa mota za su shiga idan ƙaramin kantin da suke zuwa da ƙafa ya rufe. Wanda ya karanta misalin nan ya lura da tambayar da ta fara zuwa masa a rai, domin alama ce mai ƙarfi ta inda hankalinsa ya karkata.

Karatun sufuri ya fi nauyin lissafi, kuma bai kamata a ɓoye wa kowa wannan ba. Ƙashin bayansa shi ne tsarin hasashe mai matakai huɗu da aka gada daga binciken Detroit da Chikago: a ƙiyasta yawan tafiye-tafiyen da kowane yanki yake haifarwa, a rarraba su zuwa inda suka nufa, a raba su tsakanin mota da bas da jirgin ƙasa da ƙafa, sannan a ɗora su a kan titunan da ake da su a ga inda za a cushe. Mataki na uku ya dogara ne a kan aikin Daniel McFadden, wanda ya gwada lissafinsa na yadda mutum yake zaɓa tsakanin abubuwa a kan jirgin ƙasan BART na yankin San Francisco a shekarun 1970. Hukuma ta yi hasashen jirgin zai ɗauki kusan kashi 15 cikin 100 na masu zuwa aiki, shi ya ce kashi 6.3, da aka ƙirga kuma aka sami 6.2. Wannan aiki na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2000. Ɗalibi zai kuma koyi kallon hanyoyi a matsayin sarƙar mahaɗu da layuka, da ma'aunan da Karel Kansky ya fitar a 1963 na auna yadda sarƙar ta haɗu, da abin mamakin da Dietrich Braess ya tabbatar a 1968, cewa ƙara sabon titi yana iya tsawaita tafiyar kowa idan kowane direba yana bin abin da ya fi masa sauƙi shi kaɗai.

Sai dai abin da masanin labarin ƙasa yake kawowa wanda injiniya bai cika damuwa da shi ba shi ne batun sauƙin isa. Tun daga aikin Walter Hansen na 1959 aka fara fahimtar cewa gudun mota a kan titi ba shi ne ma'aunin nasara ba, ma'aunin shi ne yawan ayyuka da makarantu da asibitocin da mutum zai iya kaiwa cikin rabin sa'a daga ƙofar gidansa. Torsten Hägerstrand na Jami'ar Lund a Suwidin ya ƙara da cewa kowane mutum yana da iyakar lokaci a yininsa, don haka uwar da za ta kai yaro makaranta kafin ta wuce wurin aiki ba ta da zaɓin da taswira take nuna tana da shi. Nan ne fannin yake da daɗi, kuma nan ne yake da nauyi a wuyan mai yin sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, sufuri kuma shi ke fitar da kusan rubu'in hayaƙin kabon da amfani da makamashi yake haifarwa a duniya. Harajin cunkoso da Singafo ta fara a 1975 kuma Landan ta bi a 2003, da manyan bas masu layinsu na musamman da aka fara a birnin Curitiba na Brazil a 1974 sannan Bogota ta Kolombiya ta faɗaɗa a 2000, duk darussa ne da ake yi wa filla-filla a aji.

Akwai kuma reshen jigilar kaya, wanda shi ne gadar da ta haɗa fannonin biyu. Tun ranar da Malcom McLean ya ɗora kwantena 58 a kan jirgin ruwan Ideal X daga Newark zuwa Houston a Amurka a Afrilun 1956, kuɗin lodi da sauke kaya ya faɗi warwas, masana'antu suka sami damar yin nisa da kasuwanninsu. A yau sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya, idan aka auna da nauyi, ta teku suke bi, kuma duniya ta ga ma'anar hakan a Maris na 2021 lokacin da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana shida. Wanda ya kasa yanke shawara tsakanin fannonin biyu, wannan reshe ne ya fi dacewa ya duba, domin mai shi yana iya aiki a hukumar tashar jiragen ruwa kamar yadda yake iya aiki a kamfanin rarraba kaya.

Karatun kasuwanci lissafinsa bai kai wancan zurfi ba, amma yana buƙatar wani irin ido da ba kowa ne yake da shi ba. Ana farawa da zana yankin ciniki, wato iyakar inda masu sayen kanti suke fitowa, sannan a koyi dabarar kwatance ta Applebaum, inda ake ƙiyasta cinikin sabon reshe ta hanyar nemo tsofaffin rassa da suka yi kama da shi a yawan jama'a da samunsu da abokan gasa. Ana koyon rarraba unguwanni rukuni-rukuni bisa halin mazaunansu, irin abin da tsarin ACORN da Mosaic suke yi a Birtaniya da PRIZM a Amurka. Ana koyon dalilin da ya sa masu sayar da kaya iri ɗaya suke cunkushewa wuri guda maimakon su warwatsu, wanda Harold Hotelling ya yi bayaninsa a 1929. Sannan akwai matsalar da take hana manajoji barci, wato sabon reshe ya buɗe ya yi ciniki mai kyau, sai daga baya a gano cinikin tsohon reshen kamfanin ne ya cinye. Sayayya ta intanet ba ta kashe wannan fanni ba kamar yadda wasu suka zata, ta dai sauya tambayar daga inda za a kafa kanti zuwa inda za a kafa rumbu domin kaya su isa ƙofar mai saye cikin yini guda.

A nan akwai gargaɗi guda da ya zama dole. Labarin ƙasa na kasuwanci daban yake da labarin ƙasa na tattalin arziki, ko da yake sunayen suna rikita mutane. Na biyun yana nazarin dalilin da ya sa wasu yankuna suke bunƙasa wasu suke komawa baya, da yadda masana'antu suke taruwa wuri guda, daga tunanin Alfred Marshall na 1890 har zuwa aikin Paul Krugman da ya sami Nobel a 2008. Fanni ne mai daraja, amma galibinsa karatu ne da muhawara, kuma mai shi yana iya gamawa ba tare da ya taɓa ƙiyasta cinikin kanti ko ɗaya ba. Wanda yake son aikin kamfani ya faɗa cikinsa bisa kuskure zai sha mamaki, haka ma wanda yake son nazari mai zurfi ya tsinci kansa a kwas ɗin da manhaja kawai ake koyarwa.

Batun bayanai shi ne wanda ɗalibai suka fi sakaci da shi, kuma shi ne ya fi shafar kundin bincike. A sufuri, yawancin abin da ake buƙata a buɗe yake: ƙidayar jama'a, binciken tafiye-tafiyen gidaje, taswirar OpenStreetMap da aka fara a 2004, da jadawalin bas da jiragen ƙasa a tsarin GTFS wanda Google da hukumar sufurin birnin Portland na Amurka suka ƙirƙira a tsakiyar shekarun 2000. Ko a inda hukuma ba ta da bayanai, ɗalibi yana iya tattarawa da kansa, kamar yadda masu bincike daga Jami'ar Nairobi da jami'o'in MIT da Columbia na Amurka suka bi ƙananan motocin haya na Nairobi da wayoyin hannu har suka fitar da taswirar hanyoyinsu a 2014. A kasuwanci kuwa, bayanan da suke da amfani na gaske, wato cinikin kowane reshe da adireshin masu saye, suna kulle a hannun kamfanoni. Ba a samun su sai da yarjejeniyar rufe sirri, kuma sau da yawa ba a yarda a buga sakamakon da sunan kamfanin ko da ainihin alƙaluman. Ga mai son aiki nan take wannan alheri ne, domin kamfanin da ya ba shi bayanai yakan zama mai ɗaukarsa aiki. Ga mai son digiri na uku da koyarwa a jami'a kuwa cikas ne, domin abin da ba a buga ba, ba a lissafa shi.

Kowane fanni yana da abokin gasarsa a kasuwar aiki. Masanin sufuri yana samun aiki a ma'aikatu, hukumomin birane, kamfanonin ba da shawara, tashoshin jiragen ruwa da na sama, da bankunan raya ƙasa irin Bankin Duniya, amma a ko'ina zai tarar injiniyoyin gine-gine sun riga shi zama, kuma wasu muƙaman ba a ba wa wanda ba shi da rajistar injiniya. Abin da zai tsaya da shi shi ne ƙwarewa a nazarin sauƙin isa, da alaƙar sufuri da amfani da filaye, da iya rubuta rahoton da mai yanke hukunci zai gane. Masanin kasuwanci yana samun aiki a manyan kantuna, bankuna, kamfanonin sadarwa, inshora da dillancin gidaje, abokan gasarsa kuma su ne masana sarrafa bayanai da masu digirin gudanar da kasuwanci. Na farkon sun fi shi iya rubuta manhaja, na biyun sun fi shi sanin harshen manajoji. Fifikonsa shi ne ya san tarkon da taswira take ɗanawa, misali cewa sakamako yana iya juyewa gaba ɗaya idan aka sauya iyakokin yankunan da aka tara alƙaluma a kansu, matsalar da Stan Openshaw ya yi fice wajen bayyana ta. Saboda haka a kowane ɓangare, sanin manhajar taswira irin ArcGIS ko QGIS kaɗai bai isa ba a yau, sai an haɗa da harshen rubuta manhaja irin Python ko R da harshen tambayar rumbun bayanai na SQL.

Sai kuma batun hali, wanda ba a rubuta shi a takardar kowace jami'a. Aikin sufuri na mai dogon numfashi ne. Layin jirgin ƙasa na Elizabeth a Landan an amince da dokarsa a 2008, aka fara gini a 2009, bai buɗe ba sai 2022, kuma an yi shekaru da dama ana maganarsa kafin dokar. Mai wannan aiki zai zauna taro da 'yan siyasa da mazauna unguwa, ya ga an ajiye rahotonsa saboda an canza gwamnati, ya sake ɗaukowa bayan shekaru. Aikin kasuwanci hukuncinsa ba ya jinkiri. Ka ce a buɗe reshe a wuri kaza, a buɗe, cikin shekara guda littafin ciniki ya nuna ko ka yi daidai. Wasu wannan saurin ne yake ƙara musu kuzari, wasu kuma ba sa jin daɗin a auna duk iliminsu da riba kaɗai.

Game da inda za a yi karatun, sunan digiri yakan ɓoye abin da ke cikinsa. Shirye-shiryen sufuri sun fi yawa kuma sun fi kafuwa, irin na Cibiyar Nazarin Sufuri ta Jami'ar Leeds a Birtaniya, da Jami'ar Fasaha ta Delft a Holan, da Berkeley da MIT a Amurka, sai dai da yawansu a tsangayar injiniyanci ko tsara birane suke, don haka a duba sharaɗin lissafi da kyau. Na kasuwanci sun fi ƙaranci, kuma galibi suna fakewa da sunaye irin nazarin wurare ko nazarin bayanan masu saye, kamar a sashen labarin ƙasa na Leeds ɗin, inda aikin Alan Wilson ya kafa tushe, da Jami'ar Toronto Metropolitan a Kanada. Digiri na biyu a Birtaniya yawanci shekara ɗaya ce, a Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuma shekara biyu. Shekara ɗaya tana iya wadatar da mai neman kasuwanci idan akwai aikin sanin makama a kamfani, amma ga wanda ya shigo sufuri ba tare da tushen ƙididdiga ba, ta yi kaɗan. Hanya mafi inganci ta tantance shiri ita ce a nemi jerin kundayen da ɗalibai suka rubuta a shekarun baya, a karanta abin da malamin da zai duba aikin ya buga kwanan nan, sannan a tambayi sashen kai tsaye da waɗanne hukumomi ko kamfanoni suke da yarjejeniyar bayanai.

Idan aka ce in yanke, wanda ya tabbata aikin kamfani yake so, yana son ganin sakamako da wuri, kuma ya sami shirin da ke da alaƙa ta gaske da 'yan kasuwa, ya ɗauki labarin ƙasa na kasuwanci ba tare da wata-wata ba. Idan shirin ba shi da irin wannan alaƙa, ya bar shi, domin zai gama ne da lissafin da bai taɓa gwadawa a kan ciniki na gaske ba. Wanda yake hangen aikin gwamnati ko digiri na uku, sufuri ne nasa. Wanda kuma har yanzu yake wasi-wasi, shi ma sufuri nake ba shi shawara, musamman reshen jigilar kaya, saboda wanda ya iya lissafin sarƙar hanyoyi da na zaɓin matafiya yana iya koyon tsarin Huff da zana yankin ciniki cikin 'yan watanni a bakin aiki, alhali komawa daga kasuwanci zuwa hasashen sufuri yakan buƙaci a sake zama a aji.